Dawakin Kwatarkwashi

A watan Fabrairu na 1903 Wazirin Kano Ahmadu da mahayansa suka fāɗa wa sojan Turawa a Kwatarkwashi, nan ƙasarmu ta Zamfara, can kuma ya kwanta dama. Littattafan tarihi sun ƙidaya mazajen da suka faɗi, amma dawakinsu fa? A ganina an yi musu butulci. Tsofaffinmu na Mafara da Bakura da Maradun kan ce barde ba ya sa hannu a tuwo sai ingarmansa ya ci dawa ya sha kanwa. Lifidi yakan tare kibiya da mashi, amma bai san harsashi ba. Ran nan an yi ta kai sukuwa cikin wutar bindiga, ƙirjin doki ne a gaba, shi ke fara sha kafin ubangijinsa.