Tarihin Zance a Sabon Gari da Samarun Zariya

Zance, wanda wasu ke kira taɗi ko hira, shi ne ziyarar da saurayi kan kai wa budurwa a ƙofar gidan iyayenta da niyyar neman aure. A ƙasar Zazzau al'ada ce mai ƙa'idoji. Akan yi ta da yamma ko bayan sallar isha, a zaure ko kan dakalin ƙofar gida. Saurayi ba ya shiga ciki, sai dai ya aiki yaro ya ce ana sallama da wance. Yarinya takan fito da ƙawa ko ƙanwa, shi ma ya zo da aboki, kuma sau da yawa 'yan rakiyar nan ne ke riƙe yawancin maganar. In zai tafi ya ajiye kuɗin zance. Sabon Gari da Samaru suna cikin wuraren da wannan al'ada ta fara cuɗanya da ta baƙi a Arewa, kuma ta nan ne kalmomin Turanci masu yawa suka shiga bakin masoya.

Mafi cikar bayanin yadda abin yake a da yana cikin labarin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950 a Giwa, gaba da Samaru da Shika a kan hanyar Funtuwa, aka buga shi a 1954. A zamanin ƙuruciyar Baba, wato ƙarshen ƙarni na 19, samari da 'yan mata kan haɗu ne a kasuwa da dandali da gidan biki, inda ake kiɗan kalangu, yarinya ta yi rawa, mai sonta ya yi mata kari. Akwai kuma tsarance, inda saurayi da budurwa kan kwana suna hira bisa sharaɗin ba za a ƙetare iyaka ba. Malamai ba su taɓa amincewa da tsarance ba, kuma ya daɗe da mutuwa. Duk da wannan sakewa, auren fari yakan kasance zaɓin iyaye, galibi auren zumunci, kamar yadda ya faru ga ita Baba kanta.

Kalmomin neman aure na wancan tsari suna nan har yau: toshi, na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, baiko, sa rana, lefe, sadaki. Kusan kowaccensu sunan wata kyauta ce ko wani mataki tsakanin dangi biyu. Abin da mutum biyun za su faɗa wa juna baki da baki kuwa, kunya ta rufe shi. Budurwa ba ta cewa tana so, sai ta sunkuyar da kai ta karɓi toshi, a gane. Bayan aure ma mace ba ta kiran sunan mijinta, sai maigida ko malam. Hausa ba ta rasa kalmomin so da ƙauna da bege ba, waƙoƙi cike suke da su. Furta su ido da ido ne ke da nauyi.

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kuma a shekarun da suka biyo baya aka shata Sabon Gari kusa da tasha domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu: Yarabawa, Ibo, da wasu daga Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Baƙi 'yan Arewa aka nufa da Tudun Wada, birni kuma ya zauna a cikin ganuwarsa. Yawancin mazaunan farko na Sabon Gari maza ne marasa iyali, nesa da iyaye da dangin da za su shige musu gaba. Sun zo da auren coci da zobe da katin gayyata, da rawar mace da namiji a otal, da fati, kuma harshen da ya haɗa su shi ne Turancin buroka. A nan aka fara ganin saurayi da budurwa suna tafiya tare a titi ba ɗan rakiya. Mutanen birni suka sa wa wannan rayuwa suna bariki, kuma sunan ba yabo ba ne. Daga nan ne abota tsakanin mace da namiji wadda ba a ambaci aure a cikinta ba ta sami baƙin jinin da har yanzu bai gama wankewa ba. Bayan kashe-kashen 1966 Ibo da yawa suka bar garin, Hausawa 'yan kasuwa suka shiga gidaje da shaguna, sannan wasu daga cikin Ibo suka dawo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Tun daga lokacin yaran unguwa ɗaya suke tashi da Hausa da buroka a baki ɗaya.

Hanya ta biyu da Turanci ya bi ita ce wasiƙa. Zariya ce cibiyar boko a Arewa: a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, kwalejin Barewa ta ƙauro nan a 1949, kuma daga nan aka riƙa buga littattafan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Makarantun kwana sun raba samari da 'yan mata na tsawon watanni, sai takarda ta maye gurbin zaure. Ƙane ko ƙawa ke kai ta, a ɓoye cikin littafi. Ɗalibai da yawa sun fi son rubuta ta da Turanci, ko aƙalla su buɗe ta su rufe da shi, kuma ƙananan littattafan kasuwar Onica masu koya rubuta wasiƙar soyayya, waɗanda suka yi tashe a shekarun 1950 da 1960, sun ba su jimloli a shirye. Nuna ilimi yana cikin dalilan, amma ba shi ne babba ba. Abin da ya yi nauyi a Hausa yakan yi sauƙi a baƙon harshe, kuma in takardar ta faɗa hannun uwa ko kaka ba za su iya karanta ta ba. Kalmomi irin su dalin da switi ta wannan ƙofa suka shigo.

Adabi da sinima sun taimaka. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda aka buga a Zariya a tsakiyar shekarun 1930, labari ne na mai kuɗi da ya raba saurayi da budurwarsa. A 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, kafin littattafan soyayya na Kano su cika kasuwa. Finafinan Indiya, waɗanda suka mamaye gidajen sinima na Arewa tun daga shekarun 1950, ba su bar kalmomi da yawa ba, amma sun bar fasali: masoya biyu, iyaye masu hanawa, da haƙuri har a yi nasara.

Samaru ta taso ne a gefen tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922, amma Jami'ar Ahmadu Bello ce ta mai da ita gari. An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai 426, kuma mata kaɗan ne a cikinsu. Wannan ƙaranci ya sa kowace sabuwar ɗaliba ta zama abar rububi. Da yake a watan Oktoba ake buɗe shekarar karatu a lokacin, tsofaffin ɗalibai maza kan yi dafifi a ƙofar ɗakunan kwanan mata, musamman wanda aka sa wa sunan Sarauniya Amina, abin da ɗaliban jami'o'in Nijeriya suka laƙaba wa suna Oktoba rosh. Bayan kafa hukumar JAMB a 1978 sabon ɗalibi ya sami sunan jambito. Tsara budurwa da daɗin baki ya zama tostin, attajirin da ke zuwa da mota daga Kaduna ko Kano neman ɗaliba kuma ya zama shuga dadi.

A harabar jami'a zance ya rasa ginshiƙansa uku: zauren uba, ɗan aike da 'yar rakiya. Yarinya ce da kanta ke amsawa ko ta ƙi. Wannan sabon yanayi ya bukaci sabon suna, domin saurayi da budurwa a Hausa kalmomi ne da ke hango aure, alhali boyifiren da gelfiren ba su ɗauki alkawarin komai ba. Shi ya sa ɗaliba kan iya faɗin kalmar a tsakanin ƙawayenta amma ba ta kai ta gaban mahaifiyarta. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda ta yi ƙarfi a jami'ar daga ƙarshen shekarun 1970, ta yaƙi fati da rawa da shaye-shaye, ta kuma ƙarfafa hijabi da auren wuri tsakanin ɗalibai. Abin lura shi ne su ma da Turanci suke kiran juna, burada da sista. Daga baya, da makarantun Islamiyya suka yawaita, Larabci ya ba masoya wata mafakar: habibi da habibati suna yin aikin da dalin ke yi, tare da ɗan lulluɓin addini.

Garin Samaru da ke tsallaken titi bai tsira ba. Ɗalibai na haya a cikinsa, 'ya'yan ma'aikata da na masu shago suna makaranta ɗaya, kuma abin da aka faɗa a harabar jami'a bana, baɗi yana bakin 'yan sakandare a Hayin Dogo da Palladan.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ta kashe wasiƙa cikin 'yan shekaru. Neman lambar yarinya ya zama matakin farko, katin waya ya shiga cikin toshi, filashin, wato a kira a katse, ya zama sallama. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanonin waya suka buɗe kiran dare kyauta, zance ya koma tsakar dare a cikin ɗaki, inda iyaye ba sa gani. Sai 2go da Facebook, sannan WhatsApp da TikTok, kowanne da kalmominsa: bebi, kurosh, detin, eks. Masana harshe suna kiran wannan gauraye Ingausa, kuma a rubutun waya ya fi yawa fiye da a baki. Ranar masoya ta 14 ga Fabrairu ma ta sami kasuwa a shagunan Samaru da Sabon Gari, duk da wa'azin da ake yi a kanta kowace shekara.

Turancin yana da iyaka. Da zarar uba ya ce wa yarinya ta gaya wa yaron ya turo magabatansa, harshe ya juya. Kawu da baffa ne ke zuwa da goro da alewa, a yi maganar asali da sana'a, a yanka sadaki, a sa rana, waliyyi da wakili su zauna gaban liman. Ba kalmar Turanci ko ɗaya a wannan zama. Ko masoyan da suka haɗu a intanet sukan koma zaure na 'yan watanni, domin iyaye da maƙwabta su ga fuskar mai zuwa. Inda Turanci ya kutsa cikin aure shi ne gefen shagali da gefen asibiti. An ƙara dina da hotunan kafin biki a kan kamu da sa lalle da buɗar kai, kuma iyalai da masallatai da coci-coci da yawa yanzu ba sa yarda a ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini, ta jinotayif saboda cutar sikila da ta ƙanjamau.