Tsirkiya mai kauri, tsohon maɗauri: gyaran gitar bas a ƙasar Adar

Iyayenmu masu goge da gurmi ba su san maɗaurin ƙarfe ba. Izgar doki ce ko tsirkiya, a ɗaure ta a wuyan kayan kiɗa da igiyar fata, a ja ta sama ko ƙasa har murya ta zauna. Da irin wannan kaya Ɗan Gurmu ya yi sunan da ya sa aka raɗa wa gasar kiɗan zamani ta Nijar sunansa, gasar da aka soma a 1987, wadda Tawa ke karɓar baƙuncinta. Ita ta sa samarinmu suka ga gitar bas ido da ido a hannun ƴan orkestir na Yamai, Maraɗi da Damagaram.

Gitar bas kuwa ba ta daɗe a duniya ba. Kamfanin Fender na Amurka ne ya fito da Precision Bass a 1951, mai tsirkiya huɗu, mafi kaurinsu ba ta kai milimita uku ba. Namu kusan duka gwanjo ne, waɗansu ta Ƙonni daga Kano, waɗansu a kayan ƴan cirani daga Abijan ko Libiya. Idan tsirkiya ta tsinke, sai jiran mai tafiya. Kowa ya ji yadda Mdou Moctar, ɗan wannan jiha tamu, ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. Mai bas bai samu wannan sauƙi ba, don wayar keke ba ta ba da muryar ƙasa. Shi ya sa muke tafasa tsohuwar tsirkiya a ruwa, datti ya fita, mu mayar.

Rikici ya taso ne da bas mai tsirkiya biyar ta yi tashe, musamman bayan StingRay 5 ta Music Man a 1987. Kunnen jama'a ya saba da wannan amo mai girgiza ƙirji, masu biki suka soma nemansa. Wanda ba shi da kuɗin sabuwa sai ya cire siririyar tsirkiyarsa, ya matsar da sauran ukun, ya sa ƙatuwar da ta zarce milimita uku a sama. Nan take ta ƙi shiga ramin da ke tsakiyar sandan maɗauri.

To, daga Tawa har Kalfu dabara ɗaya aka fara yi: a kai wa maƙeri ko mai walda ya buɗa ramin, ya faɗaɗa tsagar da magagari. Ranar farko aiki ya yi kyau. Amma kowace tsirkiya tana jan nauyin da ya kusa kilo 20, ga ƙurar hunturu tana cin haƙoran maɗaurin. Na riƙe sanda irin wannan a tafin hannuna, leɓensa guda ya karye kamar haƙori, saura kamar takarda. Mai ita ya rasa dukan bukukuwan bayan girbi na shekarar, abin da ya fi kuɗin tsirkiya nesa.

A hankali muka gane cewa tsirkiyar za a taɓa. Ƙatuwar tsirkiya naɗi biyu ko uku ce a kan waya guda. A lanƙwasa bakinta tukuna don kada naɗin ya sulluɓe, a yanka, a warware naɗin waje ɗan tsawon yatsa, sai ta shige ramin salin alin. Wurin da ke son magagari shi ne ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a bakin wuya, da ramin jaki a gindi, su ma kaɗan kaɗan, ana gwadawa. Idan dole sai an sauya maɗauri, a auna ramin katako kafin a aika saye, don akwai na milimita 14, akwai na kusan 18.

Ƙannena masu koyon wannan sana'a, tsirkiya ana samunta yanzu a Yamai da Kano, amma maɗaurin tsohuwar bas da wuya ka sami irinsa. Kada ku kai shi maƙera.