Daga Jirgin Nuhu na Katako zuwa Tubalan Roba

A gidajen masu tsananin riƙon addini a Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, Lahadi ba ranar yara ba ce. Tun daren Asabar ake kwashe 'yan tsana da ƙwallo a kulle. Babu guje-guje, babu tsalle-tsalle. Abin wasa ɗaya ne aka ɗaga wa ƙafa a yawancin irin waɗannan gidaje: jirgin Nuhu na katako, mai rufin da ake ɗagawa, cike da dabbobi biyu-biyu. Hujjar iyaye ita ce yaron da ke jera giwaye da raƙuman dawa a bakin jirgi bitar Littafin Farawa yake yi. Shi kuwa yaron ya san wasa yake yi, bai dai faɗa ba.

Galibin jiragen nan daga Jamus ake kawo su, daga ƙauyukan tsaunukan Erzgebirge irin su Seiffen, inda haƙar kuza ta ja baya, magidanta suka koma sassaƙa. Suna da wata dabara mai ban sha'awa. Sai a ɗora icce a kan injin juyi, a sassaƙe shi ya zama ƙaton zobe, a riƙa yanka zoben sala-sala, kowane yanki ya fito da siffar doki ko saniya. Mata da yara su goge, su shafa fenti. Da haka dabbobin suka yi arahar da jirgi ɗaya zai ɗauki ɗaruruwa.

Nuna labarin Littafi Mai Tsarki da abin da ido ke gani ya girmi jirgin Nuhu na wasa nesa ba kusa ba. A Kirsimetin 1223 Faransis na Assisi ya sa aka kai komin dabbobi da ciyawa da sa da jaki cikin wani kogo a Greccio ta Italiya, don talakawa su ga irin wurin da aka haifi Yesu. Amma daga kogon Greccio har zuwa jirgin Seiffen, manya ne ke gama aikin. Na yaro kallo, ko jerawa.

Wanda ya miƙa wa yaro aikin gini da kansa shi ne Friedrich Froebel, ɗan wani fasto a Thuringia, wanda ya buɗe makarantar ƙananan yara da ya raɗa wa suna Kindergarten a 1840 a Bad Blankenburg. Cikin kayan da ya tsara akwai ɗan akwati mai ɗauke da dunƙulen katako, wanda ke rabuwa gida takwas. Ba fuska, ba fenti, ba labari. Yaro ya wargaza, ya mai da shi kujera ko hasumiya, ya sake haɗawa. A wurin Froebel wannan darasin addini ne, domin yana ganin yaron da ya gane yadda gutsattsari ke komawa abu guda ya fara hango tsarin da Allah ya yi wa halitta. Gwamnatin Prussia ba ta ga haka ba. A 1851 ta haramta makarantun, tana zarginsu da yaɗa rashin yarda da Allah, kuma Froebel ya mutu a shekarar da ta biyo, haramcin bai tashi ba sai 1860.

Tubalin roba na LEGO kuwa ya fito ne daga hannun wani kafinta mai yawan ibada. Ole Kirk Christiansen na Billund a Denmak ɗan ƙungiyar farkawa ta Indre Mission ne, masu tsantseni a cikin cocin Lutheran. A 1932 abubuwa suka cuɗe masa: karyewar tattalin arziki ta tsayar da aikin gini, matarsa ta rasu ta bar shi da 'ya'ya maza huɗu. Ya koma yin motoci da agwagin katako na yara, ya raɗa wa sana'ar suna LEGO a 1934. A masana'antarsa ana taruwa a yi gajeriyar addu'a da safe kafin a kama aiki. Tubalansa na roba na farko sun fito a 1949, an kwaikwayo su daga na wani kamfanin Ingila mai suna Kiddicraft, sai dai ba sa riƙe juna sosai. Ɗansa Godtfred ne ya gyara wannan da 'yan bututun da ke ƙarƙashin tubalin, ya shigar da takardar mallakar fasahar ranar 28 ga Janairu 1958. A watan Maris na shekarar tsohon ya rasu. 'Yan mutanen roba masu launin ɗorawa, waɗanda yau ke fitowa a matsayin Musa da Fir'auna, sai a 1978 suka zo.

Tubali shi kaɗai ba darasi ba ne. Hanyar koyarwar daga wani wuri ta ɓullo. A birnin Rum a 1954, Sofia Cavalletti, masaniyar Ibrananci, da Gianna Gobbi, wadda ta koyi aiki a tsarin Maria Montessori, suka fara ajiye wa yara 'yan tumakin katako da makiyayi da shinge, su ba da misalin Makiyayi Mai Kyau a taƙaice, su ja da baya su yi shiru. Wani limamin cocin Episcopal a Amurka, Jerome Berryman, ya ɗauki wannan ya faɗaɗa a tsarin da ya kira Godly Play, sunan littafinsa na 1991. A ajinsa ba a tambayar yaro almajirai nawa ne. Ana tambayarsa wane ɓangare na labarin ya fi so, kuma a ina ya ga kansa a ciki.

Malaman makarantar Lahadi da suka zuba tubala a tsakiyar tabarma wannan gadon suka ci, ko sun sani ko ba su sani ba. Malama ta karanta labari, ta juye kwando, ta ba da 'yan mintoci. Wasu labaran sun fi karɓar tubali: hasumiyar Babila, ganuwar Yariko da ake ginawa don a rushe, Nehemiya da gyaran ganuwar Urushalima, gidan da aka kafa a kan dutse da wanda aka kafa a kan rairayi. Mafi daɗi shi ne na shanyayyen da abokansa huɗu suka zuro ta rufin ɗaki a Kafarnahum, domin dole yaro ya tsaya ya yi tunanin yadda rufi ke buɗewa, da inda mutane huɗu za su tsaya, da fuskar mai gidan. Sannan kowa ya bayyana abin da ya gina. Nan ne malama ke jin abin da ya shiga kunne da gaske, ko da Goliyat ya fito da hular ɗan sama jannati.

Wanda ya saki tubali daga hannunsa kuwa ya saki linzami. A 2001 wani shafin intanet mai suna The Brick Testament ya fara nuna labaran Farawa da hotunan LEGO. Mutum guda ne ya yi shi a Amurka, sunan da ke kan littattafan shi ne Brendan Powell Smith, kuma bai ɓoye cewa ba ya bin addini ba. Bai tsallake kashe-kashe da zinace-zinacen da littattafan yara kan lulluɓe ba. Malamai suka riƙa aron hotunan da suka yi musu, suna kau da kai daga sauran, kuma a 2011 kantunan Sam's Club suka janye littafinsa daga kanta bayan ƙorafin iyaye. A Jamus ma, a 2009, kamfanin Playmobil ya ja kunnen wani fasto da ke gasa hannayen 'yan tsanansa yana lanƙwasawa don ya nuna gicciye.

Shi kamfanin kafintan Billund ya daɗe da tsame hannunsa. A ƙarshen shekarun 1950 yana sayar da ɗan akwatin gina coci, amma yau dokar shafinsa na LEGO Ideas ta hana a kawo shawarar abin da ya shafi addini. Majami'u ne ke sayen tubala su yi abinsu. A babbar majami'ar Durham ta Ingila, daga 2013 zuwa 2016, maziyarta sun riƙa biyan fam ɗaya kan kowane tubali har aka gina kwatancin majami'ar da tubala kusan 300,000, kuɗin ya tafi ga ɗakin baje kayan tarihinta. A 2024 kamfanin ya fitar da Notre-Dame ta Paris mai guda 4,383, amma a jerin fasahar gine-gine ya sa ta, kuma a jikin kwalin an rubuta cewa ta 'yan shekara 18 zuwa sama ce.