Karatun Nassi na Kullum da Addu'ar Iyali a Gidajen Kiristocin Hausawa: Nazari daga Yankin Madadi, Yammacin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi al'adar karanta Littafi Mai Tsarki kowace rana da yin bimbini a kansa a tsakanin Kiristocin Hausawa na karkarar Gwarzo da Kabo. Ta bi tarihin isowar littafin cikin Hausa, sannan ta auna tsarin ibadar da 'yan mishan suka zo da shi a kan tsarin gidan Bahaushe manomi. Hujjar maƙalar ita ce, ibadar da aka ƙirƙiro domin mutum ɗaya mai karatu a zuci ta koma ibadar gida da ake ji da kunne. Wannan sauyi shi ya ba ta ƙarfi, shi kuma ya sauya wanda ke da ta cewa a kan addini a cikin gida.

1. Gabatarwa

Madadi ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gwarzo, wadda ta yi iyaka da Kabo da Ƙaraye da Shanono da kuma Jihar Katsina ta yamma. Ƙasa ce ta noman dawa da masara da gero da gyaɗa, kuma mafi rinjayen mutanenta Musulmi ne. Sai dai tun daga nan har Rogo da Malumfashi akwai unguwannin da asalinsu na Maguzawa ne, da yawa daga cikinsu kuwa yau Kiristoci ne, akasari a ƙarƙashin ikilisiyar ECWA, wasu a Angilika ko Katolika. Hausa ce harshensu na gida da na sujada.

Masana sun fi ba da ƙarfi ga tambayar abin da ya sa aka bar tsafi aka shiga Musulunci ko Kiristanci. Greenberg (1946) ya bayyana addinin Maguzawan yammacin Kano kamar yadda ya same shi a ƙarshen shekarun 1930. Last (1979), wanda ya zauna da Maguzawa a ƙasar Malumfashi, ya danganta sauya addini da sauyin sana'a da dukiya. Shankar (2014) kuma ta bibiyi Kiristocin farko na Arewa ta hanyar asibitoci da makarantun mishan. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauka ta biyo bayan waɗannan ne: bayan an tuba an yi baftisma, da me ake raya bangaskiyar daga Litinin zuwa Asabar?

2. Yadda littafin ya iso

J. F. Schön ya fara buga sassan Sabon Alkawari cikin Hausa a 1857, amma waɗannan ba su yi tasiri a ƙasar Kano ba. A 1900 ayarin Bishof Tugwell ya iso birnin Kano, Sarki Alu ya sallame su. Ɗaya daga cikinsu, Dakta Walter Miller, ya zauna a Zariya, shi ne kuma ya ja ragamar aikin da ya fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. An yi sabon juyi a 1979, sannan juyin Sabon Rai Don Kowa ya fito a 2020.

Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana mishan shiga yawancin masarautu. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe ta hanyar aikin jinya, musamman na kutare, inda ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi aikin kutare na Yadakunya. Daga nan tashoshi suka bazu: makarantar 'yan mata a Kabo, ta maza a Roni, makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa. A 1954 ikilisiyoyin SIM suka zama ECWA. Abin da ya shafi batunmu a wannan tarihi shi ne, kamar yadda Cooper (2006) ta nuna game da Maraɗi, SIM ta ɗauki iya karanta nassi da harshen gida a matsayin ginshiƙin zama mai bi. Ajin baftisma da ajin koyon karatu kusan tafiya ɗaya suka yi.

3. Daga ɗakin ɗalibi zuwa tsakar gida

Tsarin karatun kullum da ya iso Nijeriya yana da nasa asali. Ikilisiyar Morabiya ta Jamus tana buga ayoyin kowace rana tun 1731. Scripture Union, wadda ta faro a Ingila a 1867, ta soma raba katin karatun kullum a 1879. Duka biyun sun ɗauka cewa akwai mai karatu, yana da littafinsa, yana da fitila da wurin da zai keɓe. Irin wannan tsari ne ƙaramin littafin ibada na ECWA, Abincin Yini, ya gada: kowane shafi da kwanan watansa, da nassin da za a karanta, da ɗan bayani, da abin da za a yi addu'a a kai.

Gidan manomi a ƙasar Gwarzo bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. Sau da yawa Littafi Mai Tsarki ɗaya ne a gidan, yana cikin leda saboda gara da yoyon damina, an cusa katin baftisma da takardar baiko a tsakanin shafukansa. Da asuba, lokacin da kiran salla ke tashi daga masallacin maƙwabta, uwargida ta riga ta hura wuta. A shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin maigida, a ta da yara, a rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, galibi da ka. Sai maigida ya miƙa littafin ga yarinyar da ke sakandare ya ce, “Ke, karanta mana.” Ta haska da tocilan ɗin waya ta karanta da ƙarfi. In ta yi tuntuɓe a wani suna na Tsohon Alkawari, kakarta da ba ta san baƙi ba ita ke gyara mata, domin ta ji shi sau da dama. Bayan haka maigida ya faɗi abin da ya fahimta a jimla biyu ko uku, wani ya yi addu'a, a haɗa baki a ce amin, kowa ya ɗauki fartanya ko tulu.

Wanda ya saba da littattafan ibada na Turai zai iya cewa wannan ai ba bimbini ba ne, tunda babu shiru, babu kaɗaici. Wannan hukunci bai tsaya a kan tarihi ba. A ƙarni na huɗu malamin ikilisiya Agustin ya ga dacewar ya rubuta cewa ya tarar da Ambros na Milan yana karatu ba tare da ɗaga murya ba, abin da ke nuna cewa karatu da murya shi ne abin da aka fi sabawa da shi. Umarnin da ke sura ta shida ta Maimaitawar Shari'a ma a kan zancen gida yake, tsakanin iyaye da 'ya'ya, a zaune da kuma a tafe. A ƙarni na sha biyu wani mai zuhudu, Gigo na Biyu, ya jera matakai huɗu: karatu, bimbini, addu'a, natsuwa a gaban Allah. A gidan da muka kwatanta matakan suna nan, illa dai an raba su tsakanin mutane da sa'o'in yini. Yarinya ta yi karatun, tsoho ya yi bayanin, uwa ta mai da shi addu'a, bimbinin kuwa a gona ake yin sa, inda mai noma ke ta maimaita ayar da ya kama yana bin kunya.

4. Wa ke riƙe da littafin?

A nan ne batun ya fi nauyi. A bayanin Greenberg, ibadar Bamaguje ta gida ce, kuma maigida ne ke yanka wa iskokin gidan a madadin kowa. Addu'ar iyali ta sami wannan gurbi a shirye, shi ya sa ta kama ƙasa da wuri fiye da ibadar kaɗaici. Amma akwai bambanci babba. Ilimin tsafi gado ne da ke hannun babba, yana ba da shi ga wanda ya ga dama a lokacin da ya ga dama. Nassi kuwa a buɗe yake ga duk wanda ya iya karatu, waɗanda suka fara iyawa kuma yara ne da mata: 'yan makarantar mishan tukuna, sannan 'yan firamaren da shirin ilimi kyauta na 1976 ya yawaita.

Saboda haka maigida yana shugabantar ibadar da ba lallai ne ya iya gudanar da ita shi kaɗai ba. Yana buƙatar idon 'yarsa. Wannan ba ya rushe girmansa, domin shi ke buɗewa, shi ke rufewa, amma ya sa maganarsa ta zama abin da za a iya aunawa da abin da aka karanta. Zumuntar Mata ta ikilisiya ta ƙara wa lamarin ƙarfi. A taronta na mako ana haddar ayoyi, ana sa musu murya da kiɗan tulu da caki, har macen da ba ta taɓa shiga aji ba takan riƙe nassi mai yawa a ka. A ganina, duk nazarin da ya auna zurfin ibada da yawan masu iya karatu a gida zai ɓata lissafi, domin zai tsallake waɗannan mata, alhali su ne rumbun nassin gidan.

Zama cikin Musulmi ma yana da tasirinsa. Yaron da ya tashi yana ganin tsaransa da allo, yana jin tilawa safe da yamma, ya san cewa mai addini shi ne mai littafi da lokutan ibada sanannu. Karatun safe yana ba Kirista amsa in an tambaye shi yadda yake bauta wa Allah, abin da kakansa Bamaguje bai samu ba.

5. Damina da rani

Ɗan littafin ibada yana ba kowace rana shafi ɗaya daidai wa daida. Shekarar manomi ba haka take ba. Daga shuka zuwa maimai, wato Yuni zuwa Agusta, ana sammakon gona, ibadar safe takan taƙaita ko ta koma dare bayan tuwo, lokacin da gajiya ta ci ƙarfin kowa. Da rani akwai sarari, amma samari sun tafi cin rani, wataƙila har da mai karatun gidan. Dokar Benedik ta masu zuhudu ta ƙarni na shida ta san wannan matsala, ta sauya sa'o'in karatu bisa ga yanayin shekara da aikin gona. Masu tsara littattafan ibada na Hausa, waɗanda galibinsu mazauna birni ne, za su amfana da wannan dabara.

6. Inda tsarin ke da rauni

Littafi Mai Tsarki na Furotesta yana da littattafai 66 da surori 1,189, ayoyinsa sun ɗan haura 31,000. Gidan da ke karanta aya goma kullum zai yi fiye da shekara takwas kafin ya sauke, in har ba a maimaita ba, ga shi kuwa ana yawan komawa Zabura da Bishara da wasiƙun Bulus. Lambobin ayoyin nan ma ba tare da nassin aka rubuta su ba: Robert Estienne ne ya sa wa Sabon Alkawari nasa a 1551. Suna sauƙaƙa nema, suna kuma sauƙaƙa tsinke magana daga mahallinta.

Hatsarin ya fi girma inda littafi ya yi ƙaranci. Ɗan littafin ibada ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, don haka akan karanta ayar da ke saman shafi da bayanin marubuci, a rufe ba tare da an buɗe surar ba. Mai saurare da kunne ba shi da hanyar gane inda nassi ya tsaya, inda ra'ayin marubuci ya fara, tunda murya ɗaya ce ta karanta masa duka. Mai karatu a zuci yana ganin iyakar a kan takarda. Wannan rauni ne da ya keɓanta ga ibadar ji, maganinsa kuma mai sauƙi ne: mai karatu ya riƙa sanar da inda nassi ya ƙare kafin ya shiga bayani. Abu ne da makarantu irin ta Tofa za su iya sa wa cikin horon masu bishara.

Wayar hannu ta shigo da sabon salo. Ana samun Littafi Mai Tsarki na Hausa da murya a katin waya, ana kuma tura ibadar yini ta WhatsApp. Ga tsohon da bai iya karatu ba wannan 'yanci ne, yana iya jin sura guda cif yana sussukar masara, ba sai ya jira jika ba. Amma muryar da ke cikin waya ba ta tuntuɓe balle a gyara mata, ba a tsai da ita a yi tambaya, ba ta kuma san wanda ke kwance ba lafiya a gidan da za a sa cikin addu'a ba. Bincike na gaba a unguwannin Gwarzo da Kabo zai yi kyau ya bi gidaje a damina da rani, ya ga ko waya tana ƙara wa zaman tabarma nassi ne, ko kuwa tana raba masu zaman kowa da abin sauraronsa a kunne.