Amishawa da Menonawa: Tarihin Shingen da Ke Tsakanin Ikilisiya da Duniya

Gabatarwa

A jihohin Pensilbaniya da Ohayo da Indiyana na ƙasar Amurka akwai wata jama'a da ake kira Amishawa, waɗanda har yau keken doki ne abin hawansu, ba sa kuma jawo wutar lantarki daga layin gari zuwa gidajensu. Baƙo yakan zaci wani addini ne dabam gare su, alhali kuwa Kiristoci ne da suka yarda da Triniti, da mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, kamar sauran Furotesta. Su da Menonawa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, saɓaninsu da sauran Kiristoci, da kuma saɓanin da ya auku a tsakaninsu su biyu, duk a kan tambaya ɗaya ya ginu: ina iyakar ikilisiya take, ina kuma duniya ta fara?

Asali

Tushen al'amarin yana birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. Waɗansu almajiran Zwingli, jagoran gyaran addini a birnin, suka ga cewa baftisma ba ta inganta sai ga baligin da ya ba da gaskiya da yardar kansa. A ranar 21 ga Janairu, 1525, Conrad Grebel ya yi wa George Blaurock baftisma, shi kuma ya yi wa sauran. Daga nan abokan gaba suka laƙaba musu suna Anabaftis, watau masu sake baftisma. A wancan zamani baftismar jariri ita ce ke shigar da mutum cikin ikilisiya da cikin talakawan hukuma a lokaci guda, saboda haka mahukunta suka ɗauki ƙin ta a matsayin tawaye. A 1527 aka nutsar da Felix Manz a kogin Limmat, a 1529 kuma majalisar daula da ta zauna a Speyer ta yanke hukuncin kisa ga duk mai sake baftisma, da amincewar Katolika da Furotesta baki ɗaya.

A 1527 ɗin ne aka tsara sharuɗɗa bakwai na Schleitheim, waɗanda suka haɗa da ƙin ɗaukar takobi, da ƙin rantsuwa, da keɓewa daga duniya. Amma waɗansu Anabaftis suka kama birnin Münster na Jamus da makami daga 1534 zuwa 1535, abin ya ƙare da zubar da jini. Bayan wannan ne Menno Simons, wani limamin Katolika a ƙasar Holan, ya bar muƙaminsa a 1536, ya shiga tattara waɗanda suka warwatse bisa tafarkin lumana. Daga sunansa Menonawa suka samo nasu.

Rabuwar 1693

Da tsanani ya fara sassautawa a wasu wurare, sai wani dattijon ikilisiya mai suna Jakob Ammann ya ga jama'a suna sajewa da maƙwabtansu. A 1693 ya nemi a riƙa cin Jibin Ubangiji sau biyu a shekara, a kuma ƙaurace wa duk wanda aka fitar daga ikilisiya har a wajen cin abinci, kamar yadda shaidar bangaskiya ta Dordrecht ta 1632 ta tanada. Hans Reist da mutanensa suka ce hana shi Jibin kaɗai ya wadatar. Nan suka raba gari, aka kira mabiya Ammann Amishawa. Abin lura shi ne babu wanda ya taɓa ginshiƙan aƙida a cikin wannan jayayya. Tsawon shingen kurum ake gardama a kai.

Hijira da Harshe

Menonawa sun sauka a Pensilbaniya tun 1683, saboda 'yancin addinin da William Penn ya bayar, Amishawa kuma suka biyo sawu a ƙarni na 18. Waɗanda suka rage a Turai sannu a hankali suka narke, har ikilisiyarsu ta ƙarshe a Jamus, ta Ixheim, ta haɗe da Menonawa a 1937. A Amurka ma tarurrukan shugabanni da aka yi daga 1862 zuwa 1878 sun ƙare da rabuwa: mafi yawa suka karɓi sauyi, daga baya suka shige cikin Menonawa, 'yan kaɗan suka tsaya a kan tsohon tsari. Zuriyar waɗannan 'yan kaɗan su ne Amishawan yau.

Rayuwarsu tana bin Ordnung, watau tsarin da kowace unguwar ikilisiya ta amince da shi, wanda galibi ba a rubuce yake ba. A gidaje suke sujada, mako biyu-biyu, da ƙuri'a kuma suke fid da shugabanni. Ba su ce mota haram ce ba, don suna hawan ta haya. Tsoronsu shi ne mallakarta ta nisanta mutum daga danginsa. Harshe ma wani sashe ne na shingen. A gida suna magana da wani karin Jamusanci na Pensilbaniya, littattafan ibada irin su Ausbund, kundin waƙoƙin da aka fara bugawa a 1564, da tsohon Jamusanci suke, Ingilishi kuwa na makaranta ne da kasuwa. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu da haƙƙin tsayar da karatun 'ya'yansu a aji takwas.

Kammalawa

Hanyoyin biyu sun kai ga wurare dabam. Mafi yawan Menonawa sun rage shingen, suka riƙe ƙin yaƙi da aikin agaji, suka yi wa'azi cikin harsunan wasu al'ummu, har ya zama Afirka ta fi kowace nahiya yawan mabiyansu, musamman Habasha da Kwango. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka dasa a Garkiɗa a 1923, daga wani reshe makusanci na wannan zuriya ta fito. Amishawa kuwa ba sa neman tubabbu, ta haihuwa suke yaɗuwa: daga kimanin 5,000 a 1900 sun kai wajen 400,000 a 2024, harshensu kuma yana nan a bakin yara. Tsohuwar gabar ma ta lafa, domin a 2010 Tarayyar Lutharan ta Duniya ta nemi gafarar Menonawa saboda tsanantawar ƙarni na 16. Ga mai nazarin harshe da al'ada, darasin a fili yake: inda aka riƙe shingen, harshen kakanni ya rayu amma jama'ar ta tsaya cikin danginta, inda aka buɗe shi, aƙidar ta ƙetare teku, harshen kuma ya zauna a baya.