Dausayin Ibera na ƙasar Ajantina

Ibera wani makeken dausayi ne a lardin Corrientes da ke arewa maso gabashin Ajantina. Sunan na nufin "ruwa mai ƙyalli" a harshen Guarani.

Shekara da shekaru masu kiwon shanu ne suka mamaye tuddan yankin, suna kafa shinge suna ƙona ciyawa, mafarauta kuma na kashe namun daji don fatunsu. Ta haka damisar nan da ake kira jaguar ta ɓace daga lardin tun wajen shekarun 1950.

A ƙarshen shekarun 1990 attajirin Amurka Douglas Tompkins da matarsa Kristine suka fara sayen gandayen kiwon. Suka kwashe shanu, suka tuge shingaye, aka bar ciyayi da itatuwa su farfaɗo.

Jama'ar yankin da dama ba su yarda da su ba da farko, har aka yi ta raɗe-raɗin cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa Ba'amurken ke hari.

A 2007 aka fara mayar da babbar dabbar nan mai cin tururuwa, daga baya barewa da jan aku suka biyo.

Tompkins ya rasu a 2015, amma gidauniyarsu ta miƙa filayen kyauta ga gwamnati, wadda ta ayyana su gandun dajin ƙasa a 2018.

A watan Janairun 2021 aka saki damisa da 'ya'yanta biyu, bayan kusan shekara 70. Sai dai a 2022 gobarar daji da fari ya haddasa ta cinye babban ɓangare na gandun.