Jan wutar lantarki daga gida zuwa shago

Jan wutar lantarki daga gida zuwa shago shi ne miƙa waya daga akwatin rarraba wuta na babban gida zuwa wani gini da ke gefe, kamar shago, zaure, ɗakin ajiya ko ɗakin kaji. Ana yawan yin wannan aiki a tsofaffin unguwanni irin su Ƙofar Doka, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Zariya a Jihar Kaduna, inda gida ɗaya kan ƙunshi sassa da yawa, ga kuma shaguna a bakin titi.

Hukumomi da doka

Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a Zariya, da ma jihohin Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa bisa dokar shekarar 2015, ita ke kula da ingancin kayan lantarki da ba ma'aikatan haɗa waya takardar shaida. Dole ne a ɗauki wutar daga bayan mita. Haɗa waya kafin mita satar wuta ce, kuma laifi ne a ƙarƙashin Dokar Lantarki ta 2023.

Yadda ake aikin

Wutar gidaje a Najeriya tana zuwa ne da ƙarfin volt 230. Ma'aikaci yakan fara da lissafa kayan da za a kunna, sannan ya zaɓi kaurin waya. Ana amfani da wayar tagulla mai kaurin 1.5 mm² don fitilu, da mai 2.5 mm² don soket. Idan tazarar ta yi nisa, ko akwai firiza ko injin markaɗe, sai a ƙara kauri, domin ƙarfin wuta yana raguwa gwargwadon tsawon waya.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce binne kebul mai sulke, ko wanda aka zura cikin bututun roba, a zurfin kimanin rabin mita. Ta biyu ita ce ratayawa a sama, a ɗaure kebul ɗin a jikin wata wayar ƙarfe da za ta ɗauki nauyinsa, nesa da bakin kwano. Sabon layin yana buƙatar na'urar katse wuta tasa, da wayar ƙasa, da kuma na'urar RCD da ke ɗauke wuta idan yoyo ya kai miliyamp 30.

Haɗari

Siririyar wayar fitila da aka ɗora wa kaya masu nauyi takan yi zafi har robarta ta narke, abin da ke jawo gobara, musamman a lokacin hunturu da komai ya bushe. Da damina kuma, katangar ƙasa da ta jiƙa ko rufin kwano na iya ɗaukar wuta daga wayar da ta goge, ya ja duk wanda ya taɓa. Idan akwai janareta a shagon, wajibi ne a sa makunnin sauya layi, don kada wutarsa ta koma kan layin kamfani ta hallaka ma'aikacin da ke gyara a kan turke.